Masu Sa wa Hoto Launi a Yokohama

A cikin hotunan da suka fito daga shagon Kusakabe Kimbei a birnin Yokohama, wajen ƙarshen ƙarni na 19, akwai na wata budurwa da hadari ya rutsa da ita a hanya. Ta riƙe laimar takarda gam, ta karkata ta tana kare iska, gefen rigarta ya tashi sama, ruwa kuma na zuba a karkace kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya gani zai rantse a kan titi aka tare ta. Alhali kuwa a cikin ɗaki take, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Da siraran wayoyi aka ɗage gefen rigar aka tsayar da shi a sama, ruwan kuma layuka ne da aka ja da hannu a kan gilashin hoton. Ita ma yarinyar ba tafiya take ba, ƙamewa ta yi wuri ɗaya har mai hoto ya gama ƙirgensa. Launin da ke jikin rigar da laimar da fuskarta kuwa, kyamara ba ta san da shi ba. Wani mutum ne ya zauna a ƙasa da ɗan buroshi, ya ɗora shi a hankali bayan an wanke hoton.

Wannan mutumin na ƙarshe shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Amma ba a gane girman aikinsa sai an san abin da ake miƙo masa, da irin wahalar da aka sha kafin takardar ta iso gabansa.

Jafan ta yi sama da shekara 200 a rufe, ba ta hulɗa da Turawa sai 'yan kasuwar Holan da ta killace a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. Ta wannan ƙofa ce kyamara ta fara shiga ƙasar a 1848. Bayan jiragen yaƙin Amurka sun zo a 1853 sun tilasta buɗe ƙofa, aka buɗe tashar Yokohama ga baƙi a 1859, wani ƙauyen masunta ya zama birni cikin 'yan shekaru. A 1862 Jafanawa biyu suka buɗe shagon hoto: Ueno Hikoma a Nagasaki, da Shimooka Renjo a Yokohama, wanda tun asali mai zane ne. Shekara guda bayan haka Felice Beato ya sauka a Yokohama. Shi wannan ya riga ya ɗauki hotunan yaƙi a Kirimiya da Indiya da Sin, daga baya ma ya bi sojojin Birtaniya zuwa Sudan. Ya haɗa kai da wani Bature mai zane, Charles Wirgman, kuma a shagonsu ne sa wa hoto launi da hannu ya kafu a Jafan har ya zama sana'a mai zaman kanta. Turai ta riga ta san wannan dabara tun shekarun 1840, sai dai a Yokohama ta tarar da hannuwan da suka dace da ita.

A wancan zamani babu fim, balle a yi zancen waya. A kan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma mai hoto shi ke haɗa gilashinsa da kansa, nan take, gab da ɗauka. Zai goge shi tas, ya riƙe shi ta kusurwa ɗaya da yatsu, ya zuba masa wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon a tsakiya. Sai ya karkata shi a hankali, ruwan ya bi kusurwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya tsiyaye ragowar cikin kwalba ta kusurwa ta huɗu. Idan hannu ya yi rawa ko ya yi jinkiri, tabon zai fito a hoto har abada. Daga nan ya shiga ɗakin duhu ya tsoma gilashin cikin ruwan azurfa na 'yan mintoci, abin da ke sa shi jin haske ke nan. Da ya fito da shi, lokaci ya fara ƙure masa: dole a ɗauki hoton a kuma wanke shi tun gilashin na da danshi, cikin minti goma zuwa sha biyar. Ya bushe, ya tashi aiki. A lokacin zafi na Jafan kuwa minti goman ma ba ya cika. Ruwan azurfar nan baƙi yake mayar da fata, don haka ana gane mai hoto na lokacin daga yatsunsa.

Haske na rana ne kawai, ta rufin gilashi yake shigowa. Mai hoto zai cire murfin idon kyamara da hannu, ya yi ƙirge a zuci, ya mayar. A tsawon waɗannan daƙiƙoƙi wadda ake ɗauka ba ta motsi ko kaɗan. Akwai wani ƙarfe mai rassa biyu da ake tsayarwa a bayanta ya tallafe ƙeya, a ɓoye shi da jikinta. Amma ƙarfe ba ya riƙe ido, ba ya riƙe leɓe, ba ya riƙe yatsun da ke kan tsirkiyar shamisen, molon nan nasu mai tsirkiya uku. Wannan na matar ne ita kaɗai. Duba hotunan da kyau, za ka ga wata ta ɗaga alkalamin gashi a kan doguwar takarda kamar yanzu za ta rubuta kalma ta gaba, wata ta ɗaga hannu biyu tana gyaran gashi a gaban madubi, wata na zuba shayi. Riƙe irin wannan tsayuwa ba tare da fuska ta sandare ba gwaninta ce, kuma da yawan matan sun same ta ne daga horon rawa da kiɗa da suka sha tun suna yara a gidajen geisha, wato matan da sana'arsu nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗa. Zaman da suke yi a kan dugadugai, gwiwa a ƙasa, baya a miƙe, shi ma ya taimaka, don jiki ya fi natsuwa a haka fiye da a kan kujera.

To, ga inda matsalar take. Gilashin kolodiyon ba ya ganin launi yadda idon mutum ke gani. Shuɗi yana ji sosai, har ya fito da shi fari-fari. Ja da rawaya kuwa kusan makaho ne a kansu, baƙi suke fitowa. A ƙasar da tufar mata ta dogara a kan baba da jan rini, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Rigar ciki ja wur da budurwa ke taƙama da ita sai ta koma baƙa ƙirin, rigar shuɗi mai duhu ta koɗe ta zama kamar tsohuwar tsumma, furen rawaya a kan shuɗin yadi ya juye, abin da ke da haske ya yi duhu, mai duhu ya yi haske. Kyamara ta kawo siffa daidai, kowane ninki da kowane zare, amma ta birkita launi. Gyara wannan birkicewa shi ne aikin mai launi.

Kafin ya karɓa, sai an mayar da hoton kan takarda, ita ma da nata aikin. Da farin ƙwai ake yin ta. A fasa ƙwai, a ware gwaiduwa, a kaɗa farin da ɗan gishiri har ya yi kumfa, a bar shi ya kwanta ya zama ruwa garau, sannan a shimfiɗa siririyar takarda a kansa ta sha ta gefe ɗaya. Wani Bafaranshe, Blanquart-Evrard, ya fito da wannan hanya a 1850, ta kuma mamaye duniya har masana'antu a birnin Dresden na Jamus suna fasa dubban ƙwai a kullum don ita kaɗai. Idan za a buga hoto, sai a shayar da takardar ruwan azurfa, a haɗa ta fuska da fuska da gilashin, a matse su cikin firam, a kai rana. Mai bugawa yakan buɗe rabin bayan firam ɗin lokaci-lokaci ya leƙa ya ga inda aka kwana. In ya yi, a tsoma takardar cikin ruwan da ke da zinariya, wanda ke ba ta launin ƙasa-ƙasa mai ɗan shunayya ya kuma ƙara mata kwana, a tsayar da hoton, a ɗauraye shi sosai. Babu ƙara girma: yadda gilashi yake haka hoto zai fito, galibi kamar faɗin babban littafi.

Wannan takarda ce ake ajiyewa a gaban mai launi: siririya, mai sheƙi, mai son naɗewa, fuskarta kuma ba ta son ruwa, ɗigo yakan dunƙule a kanta maimakon ya shiga. Yana zaune a kan tabarma, ɗan teburi a gabansa, ga ƙananan faranti na tangaran kowanne da launinsa, ga buroshi iri-iri, wasu bakinsu bai wuce 'yan silin gashi ba. Beato ma ya ɗauki hoton mai yi masa wannan aiki, da buroshi a hannu, ya sa shi cikin kundinsa.

Ina aka samo waɗannan mutane? Jafan ta daɗe da sana'ar buga zane mai launi da katako, wadda ake kira ukiyo-e. A cikinta wani ke zane, wani ke sassaƙa katakon, wani ke shafa launi ya buga, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani babban reshe na sana'ar zanen kyawawan mata ne, wanda Kitagawa Utamaro ya yi fice a kai tun kafin 1800: mace a gaban madubi, mace na karanta wasiƙa, mace na fitowa daga wanka. Da hoto ya shigo, kasuwar nan ta fara ja da baya, masu hannu da yawa suka koma shagunan hoto da buroshinsu da iliminsu. Shi ya sa tsayuwar matan Yokohama ta yi kama da ta zanen katako, launinsu ma haka.

Launin na ruwa ne, a dama shi da ɗan manne da ake dafawa daga fatar dabba, wanda suke kira nikawa, don ya kama fuskar takardar. Ja mai taushi daga furen beni ake samo shi, shi ne kuma jan bakin matan. Rawaya daga ƙaron wata bishiya, shuɗi daga baba ko daga shuɗin Jamus da ya riga ya shiga Jafan ya yi farin jini. Sirrin duka shi ne launin ya zama garau, ana hangen abin da ke ƙarƙashinsa. A Turai an sha lafta wa hoto fenti mai kauri har ya rufe aikin kyamara, hoto ya koma zane. Mai launin Yokohama bai yarda da haka ba. Yana sirka launinsa da ruwa har ya kusa ɓacewa, ya shafa sau ɗaya, ya jira ya bushe, ya sake. Inuwar da ke cikin ninkin riga ta kyamara ce, bai taɓa ta ba, launi kawai ya bi ta kanta ya wuce, sai ninkin ya fito da zurfinsa kamar ka sa hannu ka taɓa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda yadi ke shiga baba ya fito, ya sha iska, ya koma, kowane tsomi na ƙara masa duhu, ya riga ya fahimci yadda ake gina shuɗin kimono, wato rigar tasu, a kan hoto: da maimaici da haƙuri, da sanin tsomin da za a tsaya a kai.

Kuma babu gogewa. Launi in ya zauna a kan farin ƙwai, cire shi na iya kwashe hoton gaba ɗaya. Buroshi ya jiƙe da yawa, ruwa ya tsallake iyaka ya shiga wuyan matar, takarda ta lalace, da ƙwanta da azurfarta da zinariyarta da yinin rana da aka kashe mata.

A fuska ake gane gwani. Matan sukan shafa farar hoda a fuska da wuya, don haka farin takarda ya riga ya yi rabin aikin, gwani kuma yakan bar shi haka. Abin da zai ƙara kaɗan ne: ruwan hoda a kunci wanda ba ka ganin inda ya fara da inda ya ƙare, ɗan ja-ja a gefen ido da kunne, sai ɗigon ja a leɓe, wanda bai cika bakin ba, don haka matan ke sa jan bakinsu, ƙarami a tsakiya. Don launin kunci ya narke babu iyaka, yakan sa launi da buroshi ɗaya, nan take ya bi gefensa da wani buroshin mai ruwa zalla kafin ya bushe. Gashi kuwa yakan bar wa kyamara, baƙin da azurfa ta bayar ya isa, har da sheƙin man kameliya da ake gyara shi da shi. Sai dai ya taɓa tsinken ado da ke soke a ciki, da ɗan ƙyallen jan siliki da aka ɗaure tuntun da shi. A nan nake ganin gwanintar ta kai maƙura. Mutum na da launi goma a gabansa, mai saye na son ƙyalƙyali, amma ya san wurin da zai ɗauke hannu. A hotunan Beato na farko har kana iya kallo na ɗan lokaci kafin ka lura an sa launi, sai dai ka ji matar ta fi kusa da kai fiye da yadda hoto baƙi da fari ke kawo mutum.

Yadin rigar kuma shi ne cin lokaci. Kimono na iya ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni ko ganye ko layuka, obi, wato faffaɗar ɗamarar da ke kai tsawon mita huɗu, tana da nata zanen dabam, ga bakin rigunan ciki da ke leƙowa a wuya ɗaya bayan ɗaya. Kowane fure sai an bi shi da bakin buroshi. Kuma sau da yawa mai launi bai ga rigar da idonsa ba, musamman in gilashin tsoho ne da aka gada daga wani shago. Shi ya sa ake samun hoto ɗaya a kundi biyu, a nan rigar shuɗiya, a can shunayya. Wani zai ce to ai ƙarya ke nan. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin ba da ka yake zaɓa ba. Ya san ja mai haske na yara da 'yan mata ne, matar aure ta fi ƙarfi a toka-toka da ƙasa-ƙasa da shuɗi mai duhu. Ya san dokokin zamanin Edo, wato lokacin da ƙasar ke rufe, sun daɗe suna hana talakan birni tufa mai ƙyalli, har mutane suka saba da sa riga mai sanyin launi a waje, su ɓoye ja a shafi da rigar ciki. Ya san furen ceri na bazara ne, jan ganyen bishiyar momiji na kaka, ba a haɗa su barkatai. Launin da ya sa launi ne da irin wannan mace za ta iya sawa a irin wannan lokaci, ko da ba shi ta sa ran nan ba.

Tufar kanta magana take yi ga wanda ya iya ji, kuma mai hoto da mai launi duk sai sun iya. Hannun riga mai tsawo da ke reto har kusa da ƙasa na budurwa ne, in ta yi aure sai a gajarta. Gyaran gashin shimada na marar aure ne, marumage na matar aure. Obi a baya ake ƙulla ta, sai manyan karuwan unguwannin shaƙatawa da ke ƙulla tasu a gaba. Matar aure ta wancan lokaci takan rina haƙoranta baƙi, ta aske gira in ta haihu, al'adar da ta fara gushewa bayan matar Sarkin Jafan ta bar ta a 1873. Sannan akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: ɓangaren hagu na riga shi ke hawa kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa. Ke nan in mai bugawa ya kifa gilashi ta bayansa, hoton ya juye, ya fito da mace mai rai cikin shigar matattu.

Kimbei, mai hoton hadarin nan, daga teburin launi ya taso. Ya yi wa Beato aiki, ya yi wa Baron Raimund von Stillfried, ɗan Ostiriya da ya buɗe shago a 1871 ya kuma sayi na Beato a 1877, kafin Kimbei ya buɗe nasa wajen 1881. Ana ganin wannan asali a hotunansa na mata: tun yana tsara zama ya riga ya san inda launi zai sauka, yana barin bango fili don riga ta samu wurin numfashi. Wani shagon da ya yi suna a kan launi shi ne na Adolfo Farsari, ɗan Italiya, wanda ya karɓi kamfanin Stillfried a 1885. Farsari kan horar da mai launi na tsawon watanni bayan ya ɗauke shi, ya kuma bar shi ya yi aiki a natse, hoto biyu ko uku a yini. A 1891 ma'aikatansa 32 ne, 19 daga ciki masu launi ne. Marubuci Rudyard Kipling, da ya ratsa Jafan a 1889, ya yaba aikin shagon a rubuce.

Hotunan a kundi ake sayar da su, kamar hamsin a ɗaya, an manna su a kan kwali mai kauri, bango na katako mai baƙin fenti mai sheƙi, an yi masa ado da zinariya da hauren giwa da ɓawon kifin teku. Matafiyi zai sauka daga jirgi, ya shiga shago, a buɗe masa littafin samfur mai lambobi, ya zaɓi wuraren da mutanen da yake so a haɗa masa, wani ma tun kafin ya ga ƙasar da idonsa.

Nan ne kuma abin da ke damuna a wannan sana'a yake, ba zan tsallake shi ba. Baƙo ke saye, don haka abin da baƙo ke son gani ake tsarawa. A lokacin da ake ɗaukar waɗannan hotuna, jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Tokiyo da Yokohama tun 1872, 'yan mata dubbai na aiki a masana'antun zaren siliki, matar Sarki kanta ta fara fita da tufar Turawa a 1886. Kusan duk wannan ba ya cikin kundi. Abin da ke ciki shi ne shayi da laima da molo da mata biyu kwance a kan matashin katako. Wasu hotunan ma, musamman daga shagon Stillfried, an zame wa matan riga daga kafaɗa don sha'awar mai saye, a ƙarƙashin sunan nuna al'ada. Matan kuma galibi geisha ne ko ma'aikatan gidajen shayi ko talakawa da aka biya, mace ɗaya za ka gan ta yau a matsayin matar babban mutum, gobe baiwar gida. A ƙasan hoto lamba ce da 'yar kalma ta Turanci, babu suna. Ita da mai launin da ya yi yini a kan rigarta, dukansu biyu ba a rubuta su ba, sunan mai shago ne a bango. Ina jin zafin wannan, kuma shi ne ya sa nake ganin ya kamata a dubi aikinsu da idon girmamawa, a san cewa hannu da jiki na mutane ne suka yi shi.

A gefe guda, Jafanawa na da nasu hoton da suke ɗauka don kansu, wanda bai shiga jirgi ba. Ɗan ƙaramin gilashi ne guda ɗaya tak, babu kwafi, a sa masa baƙi a baya hoton ya fito, a ajiye shi cikin akwatin katakon kiri marar fenti, a rubuta suna da shekara da tawada a murfin. A irin waɗannan ne ake ganin uwa da 'yarta, ko amarya, cikin rigarsu ta gaske, da fuskar wanda bai saba da kyamara ba. Da farko mutane sun ji tsoron abin, ana cewa yana rage kwana, ana kuma cewa in mutum uku suka tsaya na tsakiya ne zai riga mutuwa. Akwai ma mace a bayan kyamara tun da wuri: Shima Ryu ta ɗauki hoton mijinta a 1864, daga baya ta buɗe shagonta a garin Kiryu. Tsoron ya ragu sosai bayan Uchida Kuichi ya ɗauki Sarki Meiji da matarsa a 1872 da 1873, ita cikin tufar fada mai hawa-hawa. Zuwa 1891 abin ya juye sarai: Ogawa Kazumasa ya ɗauki geisha ɗari na Tokiyo, aka jera hotunan a hasumiyar Ryounkaku mai hawa 12 a unguwar Asakusa, jama'a na hawa suna zaɓen wadda ta fi kyau.

Yawan kasuwa ne ya fara cin sana'ar launi. Da baƙi suka ƙaru, shaguna suka raba aikin, wannan na fuska, wancan na riga, wani na sama da bishiyoyi, takarda na bin hannu-hannu. Rinin kemikal da aka ƙirƙiro a Ingila a 1856 ya iso da arha da ƙarfi, ja da shunayya masu kashe ido suka maye gurbin beni. A ƙarshen shekarun 1890 wani kamfani a Boston ya buga littafin Jafan mai juzu'i goma, wanda Frank Brinkley ya tsara, aka manna masa ainihin hotuna masu launin hannu, shagon Tamamura Kozaburo ya samar da dubban ɗaruruwansu. Aiki ne na ban mamaki wajen yawa, amma in ka ajiye ɗaya daga ciki kusa da na Beato, za ka ga inda gaggawa ta bi: launi ya tsallake layi, kunci ya zama jan tabo.

Daga 1900 gwamnatin Jafan ta ba 'yan kasuwa damar buga katin wasiƙa mai hoto, wanda ya fi kundi arha nesa ba kusa ba, matafiya kuma suka fara zuwa da ƙaramar kyamarar Kodak a hannu. Masu launi da yawa suka koma shafa wa katin wasiƙa da gilashin majigi launi. Girgizar ƙasar 1923 ta rushe Yokohama ta ƙone ta, abin da ya rage na shaguna da gilasansu ya tafi. Shi ya sa mafi yawan waɗannan hotuna a ƙasashen waje suka tsira, cikin kundin da matafiya suka kai gida, kuma daga baya cibiyoyi irin su ɗakin karatu na Jami'ar Nagasaki suka riƙa sayo su suna mayarwa Jafan. Farin ƙwai yana rawaya da tsufa, jan beni kuma ba ya jure haske, don haka waɗanda aka rataye a bango sun koɗe, waɗanda suka zauna a rufe cikin kundi su ne har yau launinsu ke nan kusan yadda mai buroshi ya bar shi. Gidajen tarihi kan nuna su na 'yan watanni ne kawai, a ƙarƙashin fitila marar ƙarfi, sannan su mayar da su cikin akwati.